Bikon Kazar Inna

Shekarar da na ajiye aikin gwamnati ce na gano ban iya zaman gida ba. Shekara talatin da ɗoriya ina fita biro, wato ofis, da safe in dawo da yamma, ban taɓa sanin abin da gidana na unguwar Bukoki a Yamai yake ciki tsakanin hantsi da la'asar ba. Da na zauna sai na ga ashe kowa da aikinsa. Maiɗakina tana da madafa da keken ɗinkinta. Yara sun girma sun kama gabansu. Inna, mahaifiyata, wadda muka ɗauko daga Maraɗi bayan rasuwar Baba, tana da kajinta. Ni kaɗai ne ba ni da komai sai kujera da rediyo da baki.

Kajin Inna shida ne da zakara ɗaya, kuma ba wadda za ka kalla sau biyu. Ƴan ƙanana ne, kowace da launinta, wata ma wuyanta duk a tuje. Babbarsu a wurin Inna wata durgu ce, irin mai gajerun ƙafafun nan da in tana tafiya sai ka ce da ciki take ja. Uwar wannan durgun a cikin kwando ta zo Yamai, a cinyar Inna, tun daga Maraɗi. Da an sallame sallar asuba Inna za ta fito da kwanon dusa, ta buɗe akurkin da ke gindin dogon yaro, ta ƙirga su, ta yi wa wannan faɗa ta yaba wa waccan. Gwiwoyinta na ciwo, amma in don kaji ne za ta durƙusa. In akwai ƴan tsaki, sai ka gan ta tana bin gindin katanga da tsinke tana tono musu gara. Kafin ta gama rana ta take, ta ci abinci da daɗin rai, ta kishingiɗa a tabarma tana kallon sama saboda shirwa.

Hirar da take yi da kajin nan ta fi wadda take yi da ni nesa ba kusa ba, kuma ba don ƙiyayya ba. Ni ne ɗanta na fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta zama inda na zauna, ba ta musu da ni. In tana da magana sai ta bi ta kan maiɗakina: "Ki ce mishi kaza." Na tashi na tarar da abin haka, har na daina ganin sa.

Salula ce ta ja min. Zaman banza ya sa na shiga kallon bidiyon masu kiwo, a nan na ci karo da wata kaza da ake kira Brahma. Ban taɓa ganin irinta ba. Zakaran ya kai gwiwar mutum, ƙafafunsa da gashi kamar ya sa safa. Na ɗaga kai na dubi durgun Inna tana jan ciki a ƙasa, sai na ji kunya ta kama ni, wai gidan tsohon babban ma'aikaci ne da waɗannan abubuwa a tsakar gida. A take na yanke cewa Allah ya nuna min aikin da zan yi da sauran rayuwata: zan gyara irin kaji.

Akwai wani mai shagon abincin kaji da magungunansu a kan hanyar Babbar Kasuwa, mutum mai daɗin baki. Ya saurare ni yana gyaɗa kai kamar ministan kiwo ne ya shigo. Na shimfiɗa masa tsarina, wanda na riga na zana a kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan makarantar lakwal, da layi da kibiyoyi. Zan sa zakaran Brahma a cikin jajayen kajin ƙwai, waɗanda ake kira pondez, in samu ƴaƴa masu girman uba da yawan ƙwan uwa.

"Alhaji, kai ka san abin," in ji shi. "Amma akwai kajin gida a wurinka?"

Na ce akwai ƴan tsirarun tsohuwa.

"To a raba su. Su sun saba da cuta, suna ɗauke da ita ba ta kashe su. Naka na zamani kwana uku za su yi."

Na yi masa tambayoyi sun fi ashirin a ranar, a kan abinci da allura da faɗin ɗaki. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, wadda kowace tsohuwa a ƙauye za ta fara da ita: wa zai kwanta a kan ƙwan?

Gidanmu ba shi da faɗin da za a raba kaji gida biyu. Don haka na tsaya a ƙofar ɗakin Inna, hannu a baya, na yi jawabi irin wanda nake yi wa ƙananan ma'aikata. Na kawo maganar cuta, na kawo maganar ci gaba, har na ce ai ita ma hutu ne gare ta, ta daina wahalar da gwiwoyinta. Inna tana zaune tana jan casbi, idonta a ƙasa. Da na gama ta juya wajen maiɗakina ta ce, "Ki ce mishi na ji."

Na ji ta ce. Ni kuma na rubuta a raina cewa ta yarda. Mutumin da ya shekara sittin yana ɗan fari ya kamata ya san cewa uwar da ba ta iya kiran sunansa ba za ta iya ce masa a'a ba. Na sani sarai. Amsar ce ta yi min daɗi, shi ya sa ban tona ta ba.

Cikin mako guda aka share tsakar gida. An yanka zakaran da kaji biyu, na ci har ina suɗe yatsa ina cewa gaskiya naman kazar gida ya fi zaƙi. Inna ta ce cikinta ba daɗi, fura za ta sha. Uku ta bayar sadaka. Durgun kuwa na wayi gari ban gan ta ba, maiɗakina ta ce Inna ta aika da ita wurin wata ƙawarta a Gamkale. Ban tambayi dalili ba, hankalina yana kan masu kafa ragar waya. Na sa aka rushe akurkin, aka zagaye duk inuwar dogon yaron da raga, aka yi rufin kwano.

Washegarin da aka gama, na fito alwala na ga Inna tsaye a tsakar gida da kwanon dusa a hannu. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta juya ta koma ɗaki da kwanon. Na gani da idona. Na ce wa kaina sabo ne, zai wuce.

Kajina suka iso, jajaye goma, da zakaran Brahma da matansa biyu. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Ina tsaye ina bayani da Faransanci ko ga wanda ba ya ji. Wani tela da ke ƙofar gidanmu ya ce wannan zakara ai sai a yi layya da shi, na yi dariya har da riƙe ciki. Ƙwai kuwa ya zubo kamar an buɗe famfo. Na zaɓi goma sha biyu masu kyau, na jera su a akwati mai ciyawa, na rubuta ranar a kaye, na ƙirga kwana ashirin da ɗaya na ja layi a ƙarƙashi. Na ɗauko kujera na zauna jiran wadda za ta fara kwanci.

Ba wadda ta kwanta. Jar kaza za ta shiga akwatin, ta saki nata ƙwan a kan nawa, ta fito tana kyarkyara, ta wuce wurin abinci ko waiwaye babu. Na jira mako biyu. Daga nan na ce abin na bukatar hukunci. Na kama wadda ta fi ƙiba na ɗora ta a kan ƙwan, na kife ta da kwando, na danne da dutse. Kwana uku ina tura mata abinci ta ƙarƙashi. Da na ɗaga kwandon na tarar ta fasa huɗu, ta shanye biyu, sauran ta yi musu kashi, ita kuma tana tsaye a gefe tana harara ta. Maiɗakina da ke leƙe ta tagar madafa ta ce, "Malam, an sako fursunan?"

Na koma wurin mai shago a fusace.

"Haba Alhaji," ya ce, "pondez ai ba ta kwanci. An cire mata wannan hali tun a ƙasarsu, don kada ta tsaya da yin ƙwai. Kowa ya sani."

Na ce me ya sa bai gaya min ba.

"Ba ka tambaya ba. Na zaci kana da injin ƙyanƙyasa."

Na ƙi sayen injin a ranar don kada ya ga ya ci ni. Na dawo na zuba ido a kan Brahma. Allah ya taimake ni ɗaya daga cikinsu ta kwanta da kanta, na yi ta murna ina kiran mutane a waya. Sai dai lokacin bazara ta kama, irin zafin Yamai da ko ƙadangare ke neman inuwa. Kazar da aka halitta da bargo a jiki ta kwanta ƙarƙashin kwano, baki buɗe, tana haki. In ta juya ta take ƙwai ɗaya, in ta gyara ta take wani. Na cire fankar ɗakinmu na ja waya na kai mata, muka yi ta zufa ni da maiɗakina don kaza ta sha iska. A rana ta goma sha ɗaya ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta tafi ta kwanta a cikin kwanon ruwa, ba ta sake komawa ba. Kallon kitse na yi wa rogo.

To sai na sayi injin ƙyanƙyasa. Na zuba masa ƙwai talatin. Kuran kuwa, wato lantarki, a bazara kowa ya san halinsa, ya zo ya tafi ba sallama. In ya ɗauke in ruga in lulluɓe injin da bargo, in ya dawo in manta ban yaye ba. Na koma kazar da kaina, sai dai ni ba ni da haƙurin kaza, kullum sai na buɗe na leƙa. Da kwanakin suka cika biyu suka fito. Sauran na ba su ƙarin kwana huɗu don adalci, har ɗaya ya fashe. Duk wanda ya taɓa shaƙar baragurbi ya san abin da gidan ya koma. Maiɗakina ta ce ko ni ko injin, ɗaya zai bar mata falo.

Ƴan tsakin biyu na sa su a kwali. Ba su san yadda ake tsattsaga ba, ni ma ban san yadda ake koya musu ba, sai in riƙa buga yatsa a kan tsaki ina yin wani sauti da baki. Suka yi ta kuka suna neman inda za su shige. Ɗaya ya mutu a rana ta biyu, ɗayan a ta huɗu, a tafin hannuna. Abin ya taɓa ni ƙwarai, har na kasa cin abincin rana.

Duk wannan bidiri, wata huɗu, Inna ba ta ce uffan ba, kuma ba ta taɓa zuwa kusa da ragar ba. Da farko tana fitowa ta zauna a ƙofar ɗaki. Daga baya ta daina fitowa sai alwala. Tuwon da ake kai mata yana dawowa kusan yadda ya tafi. Na ɗauke ta zuwa wurin likita, aka auna nan aka auna can, ya ce ba komai sai shekaru, ya rubuta maganin ƙarin jini. Na dawo da ledar magani ina jin na sauke nauyi.

Ranar da ɗan tsakin ƙarshe ya mutu, maiɗakina ta same ni zaune na yi tagumi a kan kwalin.

"Malam, ɗan tsaki guda ya hana ka cin abinci?"

Na ce ba za ta gane ba, ni na raine shi.

"Kwana huɗu ka raine shi. Inna fa? Kai da gwamnati ta sallame ka, ta ba ka takarda da pansiyo, amma ka kusa haukata mu da zaman gida. Ita ka sallame ta daga nata aikin, da mi ka sallame ta? Ka duba ta da kyau, wata huɗu ba ta da dalilin tashi da safe. Maganin ƙarin jini!"

Ni da a musu ba a bar ni a baya ba, sai na sunkuyar da kai. Tsoro ne ya shige ni, na gaske, cewa tsohuwar nan za ta iya narkewa a ɗakin nan har ta tafi, kuma ni ne sanadi. Amma tunda gaskiya nake rubutawa, bari in ƙara da wannan: a daidai lokacin wani ɓangare na zuciyata yana lissafin cewa in durgun ta dawo, na samu mai kwanta min a kan ƙwan Brahma. Haka nake, Allah ya shirye ni.

Da na sa babbar riga washegari, maiɗakina ta ce, "Biko za a tafi? A dai yi magana mai daɗi, kada ta ƙi dawowa."

Ƙawar Inna tsohuwa ce Bazabarma mai lambu a Gamkale, can gangaren kogi. A wurin sayen ganye suka saba, Hausar ɗaya da Zabarmancin ɗaya duk a karye, amma suna fahimtar juna. Na same ta tsakanin kunyoyin salati tana tsinke ciyawa. Na ce fofo, gaisuwar Zabarmawa, na durƙusa da babbar rigata a cikin laka. Ta amsa, ta tambayi jikin Inna, na ce da sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai kajin Nasara?"

Na ce ni ne. Na fara zagaye-zagaye, ina cewa ko za ta sayar min da durgun.

"Ba tawa ba ce, ɗana, ina zan sayar? Ajiya ce. Uwarka ta ce in riƙe mata har yaron nan shi gama wasa."

Na waiga in ga yaron da ake nufi. Furfura ce cike da gemuna.

Ta kai ni bayan wata bukka inda kajinta suke, sun kai goma sha biyar, ta ce tunda ni masani ne in nuna mata wadda za ta yi kwanci mai kyau. Na nuna wata babba mai sheƙi. Ta yi tsaki.

"Wannan? Kwana biyar ta tashi yawo. Ba a zaɓen uwa da girma. Ka nemi marar nauyi, wadda ba ta fasa ƙwai. Ka tambayi halin uwarta, in uwar ta zauna ɗiyar ma za ta zauna. Kuma ka nemi mai faɗa, wadda ba ta barin shirwa ta sauka. Zo ka sa hannu nan."

A cikin wani tsohon kwando durgun take, ta baje kamar faifai. Na tura hannu ƙarƙashinta. Ta kumbura, ta yi wani gurnani, ta sare ni a bayan hannu har jini ya fito. Amma kafin in janye na ji abin da tsohuwar take so in ji: ƙirjinta ba gashi, ta fige shi da kanta, fatar da zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

"Ka ji? Shekaranjiya ta fara. Ka zo a daidai. Injinka yana fige gashinshi?"

Ta rufe kwandon da tsohon zane don kada kazar ta ga hanya ta fasa kwancin, ta cusa min salati a leda ta ce na Inna ne, ba nawa ba. Na shiga taksi da kwando a cinya. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaya ko ta sayarwa ce, na ce a'a, ta mahaifiyata ce.

Bayan la'asar na shiga gida. Na ajiye kwandon a ƙofar ɗakin Inna na yaye zanen. Durgun ta yi gurnaninta. Labulen ya motsa. Inna ta fito tana dafa bango, ta rame fiye da yadda na yarda na gani. Ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta ɗauki kazar, kazar ko motsi ba ta yi ba. Ta ɗaga fiffike ta duba, ta shafa ƙirjin, ta taɓa maƙoƙo.

"Ke, kin yi ƙiba," ta ce mata. "Ganye suka yi ta ba ki."

Nan take muryarta ta dawo. Ta ce wa maiɗakina a kawo fasasshiyar randar nan ta bayan madafa, a zuba rairayi a yayyafa mishi ruwa kaɗan, a barbaɗa toka saboda ƙuma. Ta ce a kawo ƙwan, na kwanan nan, ba tsoho ba. Na ruga da kaina na kawo tire guda. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken rana, ta ware bakwai, ta ture sauran.

"Ki ce mishi bakwai take iya rufewa, ƙwan nashi manya ne. In an ƙara, duka za su lalace."

Na ce to. Daɗi ya cika ni, ina ganin komai ya koma daidai, har na fara shirya yadda zan ba da labarin a majalisa.

Aka gama shirya randar. Inna ta miƙe da kazar a hammata, ta dubi gindin dogon yaron, duk raga ce. Ta dubi gefen katanga, buhunan abincin kajina ne jibge. Ta dubi bayan madafa, nan na jefar da injin. Sai ta juya wajen maiɗakina, ta sassauta murya.

"Tambaye shi, ina ya yarda in aje ta?"

Ba gatse a ciki, da gaske take tambaya. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Matar da ta haife ni ce tsaye a tsakar gida, da shekarunta, tana neman iznin wurin ajiye randa ɗaya. Kunyar da na ji a lokacin ban taɓa jin irinta ba.

Na ce, "Inna, gidan naki ne. Duk inda kike so. In raga ce yanzu a cire ta."

Ta ce, "To."

Amma ba ta motsa ba. Ta ci gaba da tsayuwa da kazar a hannu, idonta a ƙasa, tana jira. Sai da na ɗaga hannuna na nuna mata wuri, sannan ta taka.